Bamalli Bai Yafe Ba

Bamalli mutumin Maje ne, manomin doya ɗan manomin doya. Wanda ya san Maje kafin gidajen bulo su cinye ta ya san gonarsu, wadda ta faro daga bakin rafi ta hau har gindin ɗorawar nan da aka sare aka kafa tankin ruwa a gurbinta. Ba dogo ba ne, amma yana da faɗin kafaɗa, in ya sunkuya da garma ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. Magana ba ta dame shi ba. Mutum ɗaya ne yake sa shi dariya har a ga dasashinsa, wato Ɗantala, ɗan kawunsa, taubashinsa. Tun suna yara Ɗantala ba ya kiran sunansa, sai dai "bawana", shi kuma ya ce masa "ubangidan da ba ya ciyarwa". Akushi ɗaya suka ci, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya.

Da ma'aikatan Habuja suka fara hawowa neman fili mai sauƙi, Ɗantala ya jingine fartanya ya koma dillancin filaye. Gonar kuwa gado ce tsakanin mahaifin Ɗantala da Inna, mahaifiyar Bamalli, ba a taɓa raba ta ba. Ɗantala ya kawo masu saye, Bamalli ya ce muddin Inna tana numfashi ba mai sayar da taki ɗaya. Wata safiya ya je gona ya tarar da turakun siminti a tsakiyar doyarsa. Ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya ya jibge a bakin hanya. Wannan kam ya yi, bai kuma taɓa musantawa ba. Amma da rana ta karkata samarin gari suka yi arangama da leburorin masu sayen, aka kai wa wani ƙotar fartanya a fuska har ya rasa ido. A lokacin Bamalli yana can ƙasan rafi shi kaɗai yana wanke jikinsa, ba mai shaidarsa sai Allah.

Aka kama Bamalli. A kotu Ɗantala ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya ce da idonsa ya ga hannun Bamalli ya sauka a kan mutumin. Allah Ya raba mu da shaidar zur.

Zaman jiran shari'a ya fi hukuncin kansa tsawo. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe babu motar kai fursuna, jibi lauya bai zo ba. Abin da ya fi cin Bamalli a gidan yari ba gabzar da ake ba su ba ce, ba kwarkwata ba ce, rashin sanin rana ne. Wanda aka yanke wa hukunci yana da abin ƙirgawa, shi kuwa mai jira sai dai ya kalli bango. Yana ciki Inna ta rasu, labari bai iske shi ba sai bayan an watse daga zaman makoki. Kafin ciyawa ta fito a kabarinta an sayar da gonar.

Ranar da ya dawo, matarsa Asibi ta yanka zakara, maƙwabta suka cika tsakar gida da barka da arziki. Ya amsa wa kowa da kai a ƙasa. Sai da mutane suka ragu Asibi ta lura yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, ɗakin da ya gina da hannunsa, bai shiga ba.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya."

"To ka shiga mana."

Sannan ya shiga. Haka abin ya ci gaba. Ba ya tsallake ƙofa sai an ce masa ya tsallake, ko ta bayan gida ce. In an kawo tuwo ya juya wa mutane baya, ya kare kwanon da hannu, ya cinye a gurguje. Asibi ta sha tsintar ƙosai a cikin hularsa. In wani ya kaɗa makullai kusa da shi, sai ya zabura ya miƙe tsaye. Mafi muni, da zarar la'asar ta yi sanyi sai ya bar duk abin da yake yi, ya shige ɗaki, ya tsuguna a jikin bango, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ido a ƙasa. A kira shi ba ya amsawa har sai duhu ya fara.

Dangi suka taru suka yanke cewa ya kwaso iska. Wa bai san cewa gab da magariba ne mutanen ɓoye suke yawo ba? Aka kawo mai ruƙiyya, aka rufe ɗaki, aka turara hayaƙi, ƙarti biyu suka danne masa kafaɗa. Karatun Alƙur'ani waraka ne, ba mai ja da wannan. Amma mutumin da aka rufe shekara da shekaru, ka sake rufe shi ka danne, me kake tsammani? Ya yi ƙara, ya watsar da su, aka ce ai ga shi nan aljanin ya motsa. Daga ranar barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya.

A lokacin ne ya fara wasa adda. Kullum da hantsi ya ɗauko ta, ya zauna gaban dutsen da ke gindin randa, ya yayyafa ruwa, ya yi ta gogawa a hankali. Ba shi da gonar da zai sare, ba shi da ko kan kunya ɗaya. Addar ta yi kaifin da za ta iya aske gemu, bai daina ba. In motar Ɗantala ta wuce a kan titi, wadda ya saya bayan cinikin, hannunsa yakan tsaya, ya bi ƙararta da kunne har ta ɓace, sannan ya ci gaba. Asibi ba ta tambaya ba, don ta san amsar. Kowa ya zo gaisuwa da abu ɗaya yake zuwa: a yi haƙuri, a bar wa Allah, jini ya fi ruwa kauri. Ɗantala kansa bai taka gidan ba, sai dai ya aiko da buhun shinkafa. Bamalli ya sa aka mayar.

Asibi tana suyar doya da awara a bakin titin Madalla, da ita ta riƙe gida duk tsawon zamansa a can. Wata rana ta tsallaka wani kemis da ke bayan rumfarta. Mai kemis ɗin Sista Bola ce, Bayarabiya haihuwar Suleja, Hausarta ba gargada. Ta yi aikin nas a ɓangaren masu taɓin hankali har ta yi ritaya.

"Maganin barci nake so, mai ƙarfi," in ji Asibi.

"Ke ce ba kya barcin?"

"Maigidana."

"Tun yaushe?"

Asibi ta waiga ta dubi masu jiran magani. Mutum ba ya son faɗin gidan yari a bainar jama'a. Amma matar ta ja mata benci, ba ta yi gaggawa ba, har Asibi ta kwashe komai ta faɗa mata, da ƙofa, da ƙosai, da tsugunon la'asar.

"Hannuwansa a kan gwiwa yake sawa, ko?" in ji Sista Bola. "Kai a ƙasa?"

"Wa ya gaya miki?"

"'Yar'uwa, ba aljani ba ne. Ƙirga yake jira. A can, kafin a kulle su da yamma, haka suke tsugunawa gandiroba ya bi ya ƙirga kawuna. Wanda ya motsa ya sha kulki. An sako jikinsa, amma ba wanda ya gaya wa jikin cewa an sake shi. Ba zan ba ki maganin barci ba. Ki kawo mini shi ranar Alhamis."

Bai so zuwa ba. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Asibi ta ce to ya raka ta ya ɗaukar mata buhun gawayi, da haka ta kai shi.

A bayan kemis ɗin akwai rumfar kwano da benci uku, da ƙyauren langalanga da aka tokare da dutse don kada ya rufe. Maza 'yan kaɗan ne a zaune, duk waɗanda suka taɓa shiga suka fito. Ba wa'azi, ba wanda ya tambaye shi laifinsa. Wani siririn Inyamuri mai gyaran janareta, Eugene, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Oga manomi, ka zo da doya ko fuska kawai ka kawo mana?"

Bamalli ya nemi gefen benci ya zauna.

"Ba komai. Ni da na fito, wata biyu ina kwana da takalmi a ƙarƙashin kai. Matata ta ce, Eugene, wa zai sace silifas ɗinka a gidan nan, ni ko kare?"

Aka yi dariya. Wani ya ce shi har yanzu ba ya iya zama a masallaci sai bayansa na jikin bango. Wani ya ce shi kuka yake in ya ji ƙamshin miyar gida. Bamalli yana jin su. Ashe ba shi kaɗai ba ne.

Ya ci gaba da zuwa. Sista Bola ta raka shi wurin wani likita a asibiti, aka ba shi ƙwayoyi 'yan ƙanana, barci ya fara dawowa gutsi-gutsi. Ta koya wa Asibi ta daure makullanta a tsumma, kuma in la'asar ta yi ta nema masa aiki a waje, ko faskare ko ɗebo ruwa, kada yamma ta same shi a ɗaki. Shi kuma ta koya masa in ya ji abin ya taso, ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ja numfashi ya sake a hankali, ya ambaci abin da idonsa yake gani a zuciyarsa, randa, kaza, igiyar shanya, har jiki ya yarda cewa a Maje yake. Tsugunon ya ragu. Ƙofa ma ya fara tsallakewa da kansa. Wasa addar ne bai ragu ba.

Wata Alhamis bayan an tashi Sista Bola ta tsayar da shi.

"Malam Bamalli, addar nan da Asibi ta ce kana wasawa, ta wa ce?"

Ya dube ta. Ba wanda ya taɓa tambayarsa kai tsaye.

"Ta Ɗantala ce."

"Ka sa rana?"

"Ban sa ba. Amma na san inda zan sare. Hannun da ya dafa Littafin."

"To ni ba na ɓoye irin wannan. Zan gaya wa Asibi na ji daga bakinka, kuma ranar da na ga ka tashi da gaske zan kira duk wanda ya kamata. Gara ka sani tun yanzu."

"Ki gaya mata. Ke ma cewa za ki yi in yafe?"

"Ban ce ba. Ba ni aka rufe ba, ba uwata aka binne ba na nan. Tambaya ɗaya ce da ni. In ka sare, shi asibiti za a kai shi, dangi su cika gadonsa da ayaba. Kai ina za a kai ka?"

Ya san inda za a kai shi. Ya san warin wurin, ya san ƙarar ƙyauren.

"Ka ba ni addar in ajiye maka."

"A'a."

"To me kake so ya same shi? Ba yanzu za ka amsa ba. Ka je ka yi tunani."

Ya tafi da tambayar, ta zauna masa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Mutuwa yake so wa Ɗantala? A'a, mutuwa hutu ce. Talauci? Ɗantala ya san talauci, ba zai zame masa baƙo ba. Ya juya, ya juya, bai samu ba, ya koma gaban dutsensa.

Ana haka sai labari ya zagaya cewa Ɗantala ya biya kujerar Makka. Mata suna ta faɗin irin akwatin da ya saya. Bamalli ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. Da kuɗin doyarsa, da ƙasar da Inna ta durƙusa ta yi shuka, da su za a je a taɓa Ɗakin Allah, a dawo a ce Alhaji fes kamar ranar da aka haife shi? A ransa ya ce jirgin nan ba zai tashi da hannu biyu na Ɗantala ba.

Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan maniyyata. Bamalli yana sahun baya, jikin bango. Liman ya ce aikin Hajji yana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma hakkin ɗan'adam yana nan daram, Allah ba Ya yafe shi sai mai shi ya yafe, in kuwa bai yafe ba, sai an tsaya gaban Mai shari'ar da ba a ɗagawa. Shi ya sa, in ji liman, iyayenmu suka gada cewa maniyyaci ya bi gida gida ya nemi yafiya kafin ya tafi. Bamalli ya sha jin wannan tun yana yaro. Amma ranar sai ya ji ta kamar da shi kaɗai ake. Ashe akwai abin da yake riƙe da shi wanda Ɗantala ba zai iya sayarwa a bayan idonsa ba.

A Maje wannan zagayen ya zama kamar gaisuwa. Maniyyaci ya zo da goro da dabino, ya ce a yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, a amsa masa da an yafe duniya da lahira, a roƙe shi addu'a, ya wuce gida na gaba. Ba wanda ya taɓa jin an amsa da wani abu dabam. Bamalli ya san taubashinsa ba zai tsallake gidansa ba, don tsallakewar ma magana ce.

Ranar da aka ce zagayen ya iso unguwarsu, ya shimfiɗa tabarma a zaure. Asibi ta ga lokacin da ya tura addar ƙarƙashinta. Ta tsaya riƙe da ludayi.

"Malam, don girman Allah. Ni ce zan sake ɗaukar kwano in bi layi a ƙofar gidan yari?"

"Ki shiga ciki, Asibi."

Ta shiga, ta ɗauki waya ta kira Sista Bola. Amma Madalla ba nan kusa ba ce, ga cunkoson masu dawowa daga Habuja. Ita kuma ta dawo ta laɓe a bayan asabari, bakinta yana motsi da addu'a.

Sai da la'asar ta yi sanyi suka iso, daidai lokacin da jikin Bamalli ya fi tsana. Liman ne a gaba, da dattawa biyu, sai Ɗantala cikin farar shadda, ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku. Ya yi shawara da zuciyarsa a kan yadda zai shiga, ya zaɓi ƙofar da ya saba. Taubashi ba ya fushi da wasan taubashi, haka aka gada, duk abin da aka faɗa da dariya ya wuce. Ya dogara da wannan.

"Ina bawan nan nawa?" ya faɗa tun daga bakin zaure. "Kai, ubangidanka zai tafi Makka, ba ka zo ka ɗaukar masa jaka ba? Dubi yadda gwamnati ta ciyar da kai kyauta ka ƙi yin ƙiba. Matar bawana, a kawo ruwa mana."

Dattawa suka yi 'yar dariya, irin ta masu son a wuce wurin da sauri. Ɗantala ya ajiye ƙullin goro, ya zauna a ɗaya gefen tabarmar, yana juya makullin motarsa a yatsa. Makullan suna kaɗawa, suna kaɗawa.

Ƙarar ta shiga kan Bamalli. Zauren ya matse, hasken ƙofa ya yi nisa, ya ji warin bokiti da gumin mutane. Gwiwoyinsa suna neman tsugunawa, hannunsa na dama kuwa ya riga ya shige ƙarƙashin tabarma ya kama ƙota. Hannun Ɗantala yana nan a kan gwiwarsa, da zoben azurfa, kusa ƙwarai. Sara ɗaya ya isa.

"To bawana," in ji Ɗantala, har yanzu da murmushi, "zaman tare sai da saɓani. Abin da na sani da wanda ban sani ba, a yafe wa ubangida, in je in roƙa maka 'yanci."

Bamalli ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa. Ya ja numfashi. Goro. Carbin liman. Takalman dattawa a bakin ƙofa. Kazar Asibi tana tono a waje. Ƙofar a buɗe take. Ya sake jan numfashi, ya ji ƙotar a tafinsa, ya ji kuma ɗaya abin da yake riƙe da shi, wato yafiyar, ya auna su. Ya zaro hannunsa babu komai a ciki, ya ɗora a cinya.

"Ajiye makullin nan," ya ce.

Ɗantala ya ajiye.

"Wanne ne ba ka sani ba? Alwalar da ka yi a bayan kotu, ko Littafin da ka dafa? Allah gafarta Malam, ka tambaye shi a gabanka, ya ga hannuna ya sauka a kan mutumin nan?"

Liman ya dubi Ɗantala. Ɗantala ya dubi goro.

"Haba Bamalli, abin da ya wuce..."

"Yau ka san sunana."

Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara murya. "Bamalli, baƙon Allah ne fa. Ba a mayar da maniyyaci da hannu wofi. Ka faɗi kalmar kawai, zuciya ta biyo daga baya."

"Baba, da baki aka rufe ni, ba zan yi wasa da baki ba." Ya juyo ga Ɗantala, muryarsa ba ta tashi ba. "Ban yafe ba. Ban yafe gonar ba, ban yafe shekaruna ba, ban yafe gawar Inna da aka ɗauka babu kafaɗata ba. Ka je ka yi ɗawafinka, Allah Ya karɓi abin da ke tsakaninku, ba ruwana. Nawa yana nan. Na zauna jiran shari'a ban san ranata ba, kai ma je ka zauna. Kana cin abinci kana jira, kana barci kana jira. In kana son beli, ka san masallacin Juma'a, ka san inda ake tsayawa a yi sanarwa. Ka faɗa wa mutanen Maje abin da ka gani da abin da ba ka gani ba. Ranar sai mu yi magana."

Dattijon ya juya ga liman ya ce, "Malam, ka yi masa magana mana."

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Yafiya ta fi lada, Bamalli, kuma ina roƙa maka Allah Ya kai zuciyarka can. Amma hakkinka ne. Ba ni da ayar da zan tilasta ka da ita." Ya miƙe ya sa takalmi.

Ɗantala ya tashi da ƙyar, kamar wanda ƙafa ta yi wa barci. Ya buɗe baki, wasa bai zo ba, ya rufe. Bamalli ya tura masa ƙullin goron da ƙafa, Ɗantala ya ɗauka ya fita.

Can gab da magariba Sista Bola ta sauka daga kan acaba, Eugene a wani bayanta da sifana a aljihu, ko me zai yi da ita oho. Suka tarar da Bamalli a tsakar gida yana rawar jiki kamar mai zazzaɓi, Asibi ta lulluɓe shi da zane. Da aka ba su labari Eugene ya kama baki.

"Oga manomi, kai mugu ne. Ni da na ce zan fasa wa wanda ya sa aka rufe ni gilashin mota. Kai ka kai ƙara sama gaba ɗaya."

Bamalli ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, wanda Asibi ta rantse dariya ce. Sista Bola ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta taɓa goshinsa, ta tambaya ko ya sha maganinsa, ta ce ranar Alhamis ya zo da wuri, don irin wannan rana takan bar gajiya a baya.

Maganar ta cika gari kafin jirgi ya tashi. Wasu suka ce Bamalli ya cika taurin zuciya, gidan yari ya ɓata shi. Wasu suka yi shiru, irin shirun wanda ya daɗe da sanin gaskiya. Kawunnai suka zo, gwaggwanni suka zo da kuka, har aka aiko masa cewa za a yanka masa fuloti a bayan gari. Ya ce shi ba fili ya tambaya ba.

Ɗantala ya je ya dawo, da haƙorin Makka da jallabiya. Waɗanda suka yi tafiya tare sun ce ya yi kuka a Arfa fiye da kowa, amma wa ya san abin da mutum yake wa kuka? Sanarwar dai bai yi ba har yau.

Bamalli yana nan. Ya sami aron gona a wajen Diko, yana hawa motar safe ya dawo da yamma, doyarsa ta bana ta yi kyau. Wani lokacin abin yakan taso masa, ya kwana biyu ba ya son magana, ya je Madalla ya zauna a benci har ya lafa. In sabon fitowa ya zo rumfar, shi ne yake matsa masa wuri. Ba ya zagin Ɗantala, ba ya ambatonsa. Abu ɗaya yake yi. Duk Juma'a yakan shiga masallaci da wuri, ya nemi sahun da Alhaji yake, ya zauna a bayansa daidai, bai ce uffan ba. In an sallame, Alhaji ya juya dama ya juya hagu, ya san wanda ke bayansa. Tun bayan Ƙaramar Salla Alhaji Ɗantala ya koma yin Juma'a a cikin garin Suleja, yana cewa huɗubar can ta fi gamsar da shi.